Hoton Kunnen Karsana

Shagon Sada Mai Hoto yana kan hanyar tashar Kankia, tsakanin mai cajin waya da mai sayar da maganin feshi. A da shi ake ɗauka biki da suna da saukar karatu, daga nan har Kusada. Da wayoyi suka cika gari, aikin ya koma fasfo kaɗai: 'yan makaranta, masu neman aiki, da maniyyata idan lokacinsu ya zo. Sauran yinin nasa ne, kuma yana yi masa tsawo.

A cikin wannan zaman ne ya lura da wani maɓalli mai alamar fure a jikin 'yar ƙaramar kyamararsa, wadda ke shiga aljihun riga. Idan an danna shi, kyamarar tana ganin abin da ke daf da idonta. Ya gwada da ƙwayar gero, da kan allura, da wani ƙuda da ya mutu a bakin taga. Abin da ya hana aikin kyau shi ne haske. Fitilar kyamarar, wadda masu sana'ar ke kira filasha, tana can kusurwar sama. Idan ta walƙa a kan abu na kusa, sai saman hoton ya ƙone fari fat, ƙasan kuma ya shige inuwar idon kyamarar. Ƙudan ya fito rabi madara, rabi gawayi.

Sada ya yi nazari ya ga cewa dole hasken ya zagaye idon kyamarar, ya sauka ta kowane gefe lokaci guda. Wani abokin sana'arsa a Kano ya ce masa ana sayar da irin wannan fitila, amma ta manyan kyamarori ce, ba ta hawa kan irin tasa. Sai ya yanke shawarar haɗawa da kansa.

Ya samo kwalin man goge baki ya yanke bakinsa biyu, ya shimfiɗe cikinsa da ledar madarar gari, ɓangaren mai ƙyalli yana kallon ciki. Wannan shi ne bututun da zai kama hasken daga filasha ya gangaro da shi. Ya yanko farar roba daga murfin wani tsohon bokitin fenti, ya goge ta da yashi har ta yi laushin gani, don hasken ya fito a baje. Saura kwanon da hasken zai yi yawo a cikinsa kafin ya fita. Kasuwa cike take da kwanoni, amma wanda ya yi daidai da awon da ke kansa yana cikin kabad ɗin matarsa Kubura, na tsakiya a jeren silbar da aka kawo ta da shi. Ya ɗauke shi tana bayan gida tana shanya, ya kai wa mai facin kwano ya huda masa gindi daidai faɗin idon kyamarar, ya kuma yanka masa taga a gefe inda bututun zai shiga.

Kubura ta bari sai da ya gama cin tuwo.

"Malam, jerena ya yi giɓi."

"Wane jere?"

"Jere nawa gare ni? Na tsakiyan nake tambaya."

Ya fito da shi daga jaka, an riga an ɗaure shi da salatif a jikin kyamara. Ya yi mata bayanin bututu da roba da yadda haske ke juyawa. Ta karɓa, ta zare kyamarar, ta ɗaga kwanon ta leƙa mijinta ta cikin hudar.

"Lallai shina aiki," in ji ta. "Yau na gan ka da kyau."

Gwajin farko bai yi ba. Saman da'irar ya fi ƙasan haske. Ya lanƙwasa wani guntun leda mai ƙyalli ya kafa shi a bakin bututun don ya raba hasken gida biyu, rabi dama, rabi hagu. Ya rufe ƙofar shago da rana tsaka ya sake gwadawa, ya matsa ledar, ya kuma gwadawa. Mai cajin waya, wanda ya ga yana fitowa da kwano a manne da fuska, ya tambaye shi ko abin yana kamo ƙwallon Turai. Mai maganin feshi ya ce idan ya gama ya zo ya haska masa cikin rumbu.

A ƙarshe ƙudan ya fito. Kowane gashi na ƙafarsa a tsaye, idonsa kamar saƙar raga, ba inuwa ko ɗaya. Sada ya wanke hoton da girma ya rataya shi a bango, kusa da na wani ango da amarya. Wata mata da ta kawo ɗanta fasfo ta kalli bangon ta nemi tsari daga Shaiɗan. Wani malamin makaranta ya ce aiki ya yi kyau, ya tambaya ko amfaninsa mene ne. Sada ya ce amfani yana zuwa.

Ya zo ne ta hannun Kubura, ba da niyyarta ba. Halima, Bafillatanar da ke kawo mata nono, ta ji labarin kwanon jere tun daga farkonsa, har Kubura ta ja ta zuwa shagon don ta ga abin da aka ɓata kwano dominsa. Halima ta daɗe tsaye gaban hoton ƙudan da ƙwarya a kanta. Sannan ta kama hanyar ruga. Ranar kasuwa ta gaba mijinta Bube ya yi sallama a ƙofar shagon, ya jingine sandarsa, ya zauna a kan bencin masu jiran fasfo.

Maganarsa a kan karsana ce. Rugarsu tana bayan wani ƙauye kusa da Yashe. Ranar sunan 'yarsa Hawwa'u an ba ta saniya, kamar yadda ake yi wa kowane ɗa a gidansu, kuma wannan karsana ita ce mace ta farko da saniyar ta haifa. Farkon damina ta ɓata. Da gero ya fara fitar da kai, Bube ya hange ta a turke a gidan Alhaji Sodangi, mai kiwon turke a cikin ƙauyen. Sodangi ya ce tasa ce. Shi ma farar karsanarsa ta tsinke a farkon damina, mutanensa suka tsinto ta a fadama suka dawo da ita.

An kai magana gaban Mai-unguwa Manu. An yi abin da aka saba. Bube ya tsaya daga gefe ya yi kiran da yake yi wa shanunsa, karsana ta ɗaga kai ta taho wajensa. Sodangi ya girgiza kwanon dusa daga ɗaya gefen, ta juya ta koma. Aka sake, ta sake. Bube ya ce a kai ta ruga a ga ko uwarta za ta karɓe ta. Sodangi ya ce dabbar da ta shiga garken Fulani ba ya jin wani Bahaushe zai iya fito da ita. Bube ya ce to a bar shi ya kawo uwar. Manoma suka ce ba saniyar da za ta ratsa gonaki amfani yana tsaye.

Abin da ya rage shi ne kunne. Gidan su Bube suna yi wa maruƙansu tsaga biyu ƙanana a gefen kunnen hagu. Gefen kunnen karsanar kuwa a yage yake. Sodangi ya ce wayar shinge ce. Bube ya ce wayar ta yaga ne a kan tsaga, kuma tabon wuƙa yana nan ƙarƙashin gashi ga mai ido. Dattawa sun duba ɗaya bayan ɗaya. 'Yan ruga sun ga tabo, 'yan gari sun ga waya. Mai-unguwa, wanda idonsa ya yi rauni, ya ce idan ba a kawo shaida ba kafin kasuwa ta zagayo, dabba ta wanda take hannunsa ce. Sodangi kuma ya riga ya yi magana da dillali.

"An ce kana maida ƙuda kamar akuya," in ji Bube.

"Ba maida shi nake ba. Haske nake ba shi."

"To ka ba kunnen nan haske, Malam Sada. Ni na san abin da wuƙata ta yi. Ɗiyata tana tambayata kullum da yamma in an koro shanu."

Sada ya ce idan tabo yana nan, kyamara za ta gan shi, kuma zai wanke hoton yadda ko mai-unguwa zai gani daga inda yake zaune. Ya faɗi haka da muryar wanda ya saba da irin wannan aiki. Bai taɓa ɗaukar hoton dabba mai rai ba.

Ya isa ƙauyen da hantsi a kan babur, kwanon yana cikin jakar leda a rataye a wuyansa. Jama'a sun riga sun taru a ƙofar gidan Sodangi. Mai-unguwa yana kan kujera a inuwar darbejiya. Karsanar tana tsaye a fili, fara, mai siririn ƙaho, ta yi ƙiba irin ta dabbar da ake ba dusa safe da yamma. Maza biyu suna riƙe da igiyarta.

Sodangi ya dubi abin da Sada ya fito da shi, ya juya ga Bube da sunan tsokanar da ake yi wa Fulani.

"Wanga shi ne shaidar? Agwai, kwano ka ɗauko mani lauya?"

"Kai ma da kwano ka yi shari'arka, Kaɗo," in ji Bube.

Aka yi dariya, har da mai-unguwa.

Sada ya duba wurin ya ce ba zai yiwu a fili ba. Rana ta fi ƙarfin filasha, hasken kwanon ba zai yi tasiri ba. Aka ja karsanar zuwa cikin zauren Sodangi, inda duhu-duhu ne ko da rana. Ya leƙa ta kyamara ya ce hannun masu riƙe igiya yana girgiza kan dabbar, kuma hoton kusa ba ya son motsi ko kaɗan. Su ɗaure igiyar a wani wuri su matsa. Babu turke a zauren, sai aka ɗaura ta a ƙafar wani benci.

Bube ya buɗe baki zai yi magana.

"Kowa ya yi shiru," in ji Sada. "Kar wanda ya motsa."

Haka yake cewa a wurin biki, kuma ana bi. Nan ma aka bi.

Ya danna maɓallin fure. Ya matso ta gaban karsanar, a duƙe, kwano a gaba, kamar yadda yake matsowa gaban ɗan makaranta. Da mutumin ruga ne, ta gefen kafaɗa zai zo, hannu a kan wuya, yana magana ƙasa-ƙasa. Sada ya ce mata, "Yawwa, tsaya haka."

Karsanar ta ga kwanon silba yana tahowa. A zamanta na gidan Sodangi ta koyi abin da kwanon silba ke nufi. Ta miƙo wuya ta tura hanci cikinsa da ƙarfi, farar robar ta lotsa.

"Kun gani!" in ji Sodangi. "Ranka shi daɗe, ka gani? Saniyar daji ina ta san kwano? Tashin gida ce!"

Sada ya ja baya, ya karkata zuwa kunnen hagu, ya danna.

Hasken ya fito kamar yadda aka tsara shi, a zagaye, a baje, ba inda ya fi wani wuri. Ya cika kunnen, ya cika idon karsanar da ke kusa da kunnen, ya haska zauren har aka ga yanar gizo-gizo a jikin azara.

Ta yi tsalle ɗaya. Bencin ya bi ta har bakin ƙofa, ya tokare a can, igiyar ta tsinke. Jama'ar da ke waje suka dare. Wani ya ɗauki kwanon dusa na gaske yana girgizawa yana bin ta, ba ta ko waiwaya ba. Ta wuce turken da ta yi damina a kansa, ta wuce rijiya, ta faɗa cikin gonakin da aka ce ba saniyar da za ta ratsa.

Duk wanda ke iya gudu ya bi ta. Mai-unguwa ya bi a bayan babur ɗin Sada, ta hanyar burtali, yana riƙe da rawaninsa da hannu ɗaya. Sodangi ya zo a ƙarshe, a ƙasa, yana haki.

Sun same ta a ruga. Shanun suna kwance a mashekari ba a kai ga kora su ba, saboda mai korar yana wajen shari'a. Karsanar ta ratsa su ba tare da ko ɗaya ta tashi ba, ta je ta manna jikinta da wata tsohuwar farar saniya mai karyayyen ƙaho. Tsohuwar ta shinshina ta daga hanci zuwa gadon baya, sannan ta fara lasar ta a wuya. Hawwa'u tana tsaye a bakin bukka da ludayi a hannu, ba ta matso ba saboda baƙi.

Manoman da suka ga waya a kunne su ma suna da awaki da tumaki, sun san yadda uwa ke yi da baƙon ɗa.

"Alhaji," in ji mai-unguwa, "kana da magana?"

Sodangi ya ce tsoro ne, dabba in ta firgita ko'ina tana iya faɗawa.

"Haka ne. Ta wuce gidanka, ta wuce nawa, ta wuce masallaci," in ji mai-unguwa.

Sodangi ya tambayi wanda zai biya shi dusar da ta ci. Mai-unguwa ya ce yana jin ta zubar da rabinta a hanya. Sodangi ya ce to tasa karsanar fa, tana ina? Bube ya ce in ya ji labarin farar karsana marar tsaga zai aiko masa, ya kuma sa aka kawo masa nono ya sha.

Wani manomi da aka tattake masa wake ya ce shi wa zai kama. Mai-unguwa ya ce lokacin da dabbar ta shiga gonarsa ba a san mai ita ba, lokacin da aka san mai ita kuma ta riga ta fita. Ya ce a bar maganar sai an yi sallar azahar. Bube ya ce zai kwana da shanunsa a gonar bayan girbi, taki ya zauna. Manomin ya ce ya yarda, ba sai an kai azahar ba.

Ba wanda ya tambayi hoto.

Sada ya duba shi da ya koma shago. Hoto ɗaya ne tak, kuma tun da ya fara sana'a bai taɓa ɗaukar wanda ya kai shi fita ba. Karsanar ta motsa kai daidai lokacin da ya danna, yagaggen gefen kunnen ya fita daga hoton gaba ɗaya. Kyamarar, wadda ke zaɓar abin da za ta gani da kanta, ta zaɓi abin da ya fi kusa da ita: wata kaska da ta maƙale a cikin kunnen, ta sha jini ta cika. Ƙafafunta takwas, kowace da gaɓoɓinta. Bayanta yana sheƙi, kuma a tsakiyar sheƙin ana ganin 'yar farar da'ira, hasken kwanon Kubura, zagaye cif. Ya wanke shi da girma ya rataya kusa da ƙudan.

Kubura ta ga lotsewar robar da shatin hanci a bakin kwanon. Ta ce ta gode Allah, kwanonta ya yi abin da ba kwanon jeren da ya taɓa yi a danginsu.

Ranar kasuwa Bube ya dawo, da ƙwaryar man shanu, da wani dattijo mai suna Modibbo daga wajen Dudunni. Suka gaisa, suka zauna a benci. Sada ya tashi ya nuna musu bango.

Bube ya matsa ya duba, ya karkata kai.

"Kaska ce," in ji shi. "A gidan Kaɗo ta kwaso ta. Tun ranar na cire."

"Ka ga yadda hasken ya zauna? Ba inuwa ko ta gefe ɗaya. Dubi nan, dubi ƙafar."

"Na gani. Allah shi ƙara basira." Ya koma ya zauna. "Baffana ne wannan. Shina da magana da wani mahauci a kan bijimi. An yi kira, an yi dusa, ba ta rabu ba. Labari ya kai masu cewa kana da kwanon da in aka haska wa dabba sai ta tuna gidansu."

Sada ya fara bayani cewa abin ba haka yake ba, na'urar ɗaukar ƙananan abubuwa ce daga kusa, kuma abin da ya faru ranar kuskure ne na tsayuwa. Modibbo ya saurare shi da ladabi har ya kai aya.

"Hoton ba dole ba ne, Malam," in ji dattijon. "Kar ka wahalar da kanka. Walƙiyar dai muke so."

Sada ya dubi bango, ya dubi bencin da tun safe ba wanda ya zauna a kansa sai su biyu. Mai cajin waya ya leƙo yana sauraro.

"Bijimin," in ji Sada, "ƙahonsa dogo ne?"

"Kaɗan."

"To a samu zaure mai ƙofa biyu, ɗaya tasa, ɗaya tawa."

Ya jawo kwanon ya fara tayar da lotsewar robar da babban yatsa.